Jan Layin da Ya Zagaye Baba Sannu-Sannu

Duk unguwar ba mai kiransa da sunansa na yanka. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, kuma direbobi 'yan'uwansa ne suka laƙaba masa, domin in ya kwaso 'yan makaranta a tsohuwar bas ɗinsa, mai keke ma sai ya wuce shi ya waiwayo yana dariya. Shi ko a jikinsa. Cewa yake, "Ku da kuka ɗauko buhuna ku yi ta gudu. Ni 'ya'yan mutane na ɗauko."

A gareji ya tashi, gaban mahaifinsa bakanike. Ya yi yaron mota, ya yi direban babbar mota yana kwana a hanya, har ranar da wani bakanike a wani gari ya karɓi kuɗin sabon birki ya mayar masa da tsoho. A kan gangare birkin ya ƙi ci. Allah ya yi da sauran kwana, motar ta kwanta a gona, ya fito da karaya a kafaɗa. Kafaɗa ta warke, amma yarda da mutane ba ta ƙara dawo masa ba.

Tun daga nan ya sayi gwangwanin jan fenti. Duk abin da yake nasa sai ya sa masa alama, ya zagaye shi da ja: tayoyin mota, batir, sifana, jarkar mai, har butar da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujera. In ya kai gyara, yana tsaye a kan bakanike, hannu a baya, yana leƙa kowane noti. In an zuba masa mai sai ya shinshina. Matarsa takan ce, "Ni kaɗai na tsira a gidan nan, ni ma don ina gudu ne in na ga ka buɗe gwangwanin." Shi kuwa ba ya dariya. Yakan ce abin da ka sa wa alama ba a musanya maka shi.

Wannan halin da ke gundurar kowa shi ne ya jawo masa iyayen yara lokacin da ya bar dogon zango ya sayi ƙaramar bas. Ba ya sauke yaro a bakin titi. Ba ya miƙa yaro ga wanda bai sani ba. An taɓa yin wani mutum, kawun yaro ne na jini, ya zo karɓarsa a ƙofar makaranta, Baba ya kulle mota ya ce sai uwar ta yi magana da bakinta. Mutumin ya yi ta zage-zage, yaron na ciki yana cewa wallahi kawunsa ne, Baba ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Labarin ya zaga unguwa, iyaye suka riƙa roƙon gurbi a motarsa.

Mutum ɗaya tak yake bari ya ɗora masa reza a wuya, abokinsa Mai Aski. Tare suka tashi, tare suka yi aure, kuma duk ƙarshen mako sai ya zauna a kujerarsa ya rufe ido, abin da ba ya yi a gaban kowa. Shagon Mai Aski yana kallon ƙofar gidan wata nas, wadda ƙaramar 'yarta ce ta ƙarshen sauka a motar. Yarinyar nan barci ne da ita kamar an biya ta. Kafin a sha kwanar farko ta yi nisa, baki buɗe, takalmi ɗaya a ƙasa. Baba ya sa mata 'Yar Barci. Kullum in ya tsaya sai ya saɓa ta a kafaɗarsa mai lafiya, ya rufa mata hankicinsa a fuska saboda rana, ya kai ta har tabarmar kakarta. Ya ce tashin yaro daga barci zalunci ne.

To, ranar da abin ya fara, matarsa ce ta miƙa masa waya tana ƙunshe dariya. Hoto ne. Ga wani mutum da hula, an ɗauke shi daga nesa, ta gefe, yana tsaye a ƙofar bas da yarinya a kafaɗa, kanta ya langaɓe, ƙyalle a fuskarta. Ba ka iya cewa fito da ita yake ko shigar da ita. A ƙasa wani ya rubuta cewa iyaye su kula, ga yadda ake shaƙa wa yara abu a ƙyalle a tafi da su.

"Ka ga fa, ka zama ɗan fim," in ji matar.

Baba bai ga abin dariya ba. Ya kai wayar kusa da ido, ya nesanta ta, ya sake kawo ta. Fuskar ma ba ta fito sosai ba, 'yan unguwa ne kawai za su gane, su kuma duk wanda ya gani sai ya tuntsire ya ce ai Baba Sannu-Sannu ne da 'Yar Barci. A guruf ɗin iyaye na waya wata ta rubuta cewa ɓarawon da ke tafiya haka ai da ƙafa za a kamo shi. Kwana biyu aka yi ana raha, wani sabon zance ya taso, aka koma kansa.

Kowa ya manta, ban da shi. Abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya hana kawu ɗan 'yar'uwarsa, shi za a ce wa ɓarawon yara?

Matarsa ta ce, "Malam, ka bar shi ya mutu. Ya riga ya kwanta."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Me ya sa kike so a rufe maganar? Ko kin san wanda ya ɗauka?"

"Au, abin har ya kai kaina? To Allah ya ba ka haƙuri." Ta kwashe kwanukanta ta bar masa ɗakin.

Washegari ya tafi shagon da ake buga takardu da katin gayyata. Ya tsaya a bayan mai kwamfuta kamar yadda yake tsayawa a kan bakanike. Ya ce a ƙara girman hoton. A haskaka fuskar, a gan ta tar. A ƙasa a rubuta cewa ƙarya ne, wannan direban 'yan makaranta ne, mutumin kirki, duk wanda ya gani ya tura wa wani don Allah. Da aka gama ya duba, ya ga da saura.

"Zagaye min fuskar da ja."

"Ta fito ai, Baba."

"Na ce ka zagaye. A san ni ne, kada a ce wani ne."

Mai kwamfuta ya fara jan layi. Baba ya ga kamar zai bar kunne a waje, ya kai hannu ya dafe nasa, layin ya goce ya yi ɗan ƙugiya a saman kunnen hagu. Mai kwamfuta ya ce bari a gyara. Baba ya ce a bar shi haka, sauri yake, lokacin tashin yara ya yi.

A ranar ya tura wa duk lambar da ke wayarsa. Ya kira ƙaninsa da ke aikin lodi a tashar jiragen ruwa a wata ƙasa, ya ce, "Ka tura wa kowa. Kowa na ce, kada ka zaɓa." Ƙanin kuwa tun suna yara ba ya yi masa musu. Baba ya kwanta da sanyin zuciya, yana jin ya wanke sunansa fes.

Aka ɗan kwana biyu shiru. Sai ga hoton ya dawo.

Ya dawo da rubutu cikin yaren da ba wanda ya iya karantawa a unguwar. Bayan mako ya sake dawowa, wannan karon da muryar wata mata tana kuka tana magana cikin wani yaren daban. Sannan ya dawo da wani tambari a gefe mai kama da na hukuma, da lambar waya ta ƙasar waje. Wani ya fassara, ko ya ce ya fassara: wai mutumin nan ana nemansa a ƙasashe da yawa, yana shiga gari ya yi shekaru a matsayin direba har a saki jiki da shi.

Mutanen da suka yi dariya da farko, yanzu dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya ce masa komai a fuska. Wata uwa dai ta ce mijinta ya sayi babur, shi zai riƙa kai yaran. Wata ta ce yaronta ya girma, zai iya tafiya da ƙafa, yaron da ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba. Wani mahaifi ne kaɗai ya tare shi a bakin makaranta, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Baba, ni fa na san ka. Amma in ƙarya ce, yaya aka yi har ƙasar waje suka sani?" Baba shi kansa tambayar ta tsaya masa.

Kujerun mota suka riƙa yin fili. Wata rana da ya shiga shan mai a wata unguwa da ba a san shi ba, ya ga mai zuba man yana kallon wayarsa, yana kallonsa, yana kiran na kusa da shi da ido. Mutane suka fara matsowa. Baba bai jira canji ba, ya ja mota, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarsa aka ga bas ɗin nan ta yi gudu. Da ya iso gida ya shige ya kulle ƙofa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a kan gangaren nan.

Daga tsoro sai zargi. Ya zauna yana auna mutane ɗaya bayan ɗaya. Direban da ke son ƙwace masa layi. Mai gadin makaranta da ya taɓa yi wa faɗa. Matarsa ma ya riƙa lura da lokacin da take ɗaukar waya. A ƙarshe ya tafi ƙofar gidan nas ɗin, ya ajiye motar daidai inda yake ajiyewa, ya tsallaka titi da waya a hannu, yana matsawa hagu da dama har abin da idonsa ke gani ya yi daidai da hoton. Da ya duba inda ƙafarsa take, sai ya ga yana tsaye a bakin shagon Mai Aski.

Shagon cike yake, mutum na kan kujera da kumfa a haɓa. Baba ya ɗaga wayar. "Daga nan aka ɗauka."

Mai Aski ya yi dariya, ya zaci wasa ne. "To sai me? Titi ne, kowa na tsayawa."

"Kowa na tsayawa, amma kai kake wuni. Nawa aka ba ka?"

Mai Aski ya ajiye reza a hankali, ya goge hannu da tawul. "Ni? Ni da na riƙe maka kai ranar da aka ɗora maka kafaɗa?"

"Wanda ya san inda ciwo yake ai shi ya iya dannawa."

"Fita min daga shago," in ji Mai Aski. "Ka je, Allah ya isar min."

Tun ranar Baba bai ƙara aski ba. Wa zai ba wuyansa? Gashi ya taru a ƙeya, gemu ya yi buzu-buzu, furfura ta fito ta ko'ina. Matarsa ta ce yanzu kam ya fara kama da abin da ake faɗa, ya yi kwana biyu ba ya kula ta. Yaran da suka rage a motar ba su cika layin kujera biyu ba. 'Yar Barci na cikinsu. Uwarta ba ta cire ta ba, sai dai in sun haɗu takan gaishe shi kanta a ƙasa ta wuce da sauri, wannan ma ya sa a ransa.

Ana haka wata yamma wata mata ta yi sallama a ƙofar gidansa, da jaka a kafaɗa da tabarau. Ta ce daga jami'a take, aikinta bin diddigin labaran ƙarya da ke yawo a intanet, ita da abokan aikinta a ƙasashe daban-daban. Ta ce hotonsa suke bi.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya toshe ta da jikinsa. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa ya ba ki adireshina? Nawa ake biyan ki? In kin ɗauki maganata ina za ki kai?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɗaga murya ba, wannan ya ƙara sa shi zarginta, don a ganinsa mai gaskiya yakan fusata. Ya ce ba za ta shiga da waya ba. Ta miƙa masa. Ya kai wayar mota ya kulle a aljihun gaba, ya dawo ya ce kwamfutar da ke jakarta fa, ai ita ma tana da ido. Ta yage ɗan salatif ta manne a kan idon. Matarsa da ke leƙe ta ce, "Shigo, 'yata, kada ki damu. Mu ma haka muke zaune da shi." Ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Baba ya zauna nesa, a kan jarkar da ya zagaye da ja.

"Tambaya ɗaya gare ni," ya ce. "Wa ya ɗauki hoton? In ba ki sani ba, tashi."

"Na sani. Ita da kanta ta ce in gaya maka, don ta kasa. Mahaifiyar yarinyar ce."

Mai binciken ta ci gaba.

"Ta dawo daga aiki, ta sauka daga tasi a tsallaken titi, ta gan ka ɗauke da 'yarta. Abin ya burge ta, ta ɗauka, ta tura wa yayarta ta rubuta cewa ga mutumin da ya sa take aiki hankalinta kwance. Yayar ta tura wa wasu. A hanya maganar ta faɗi, hoton ya ci gaba shi kaɗai, wani ya ɗora masa tasa. Da ta ga yadda ranka ya ɓaci, da abin da ya faru a shagon aski, sai tsoro ya kama ta."

Matar Baba ta tafa hannu ta yi salati. Shi kuwa fuskar Mai Aski ce ta tsaya masa a ido, da tawul ɗin nan a hannu.

"Amma ba wannan ya kawo ni ba," in ji mai binciken. Ta juyo masa da kwamfutar. "Matso ka gani, Baba."

Ya matso ba don yana so ba. Fuskarsa ce jere a layi, sama da ƙasa, kowace da rubutunta. Ta riƙa nuna masa. Wannan a wata ƙasa ce, can cewa aka yi yana sayar da yara. Wannan a maƙwabciyarta, can likitan bogi ne. Wannan kuma an tsallaka teku, an ce baƙo ne da ya shigo musu, har aka fasa wa wani mai kama da shi gilashin mota. Ta ce kowace ƙasa abin da take tsoro shi take rataya wa hoton.

"Yadda muke gane hanyarsa," ta ce, "kowane kwafi yana ɗauke da tabon wanda aka kwafo shi daga gare shi. In an yanke gefe, duk 'ya'yansa za su fito a yanke. To duba. Hoton farko, mai duhu, wanda fuskarka ba ta fito ba, bai bar garin nan ba. Kwana kaɗan ya yi ya mutu. Duk wanda ya tsallake iyaka, duka, wannan ne: an ƙara girma, an haskaka fuska, an zagaye ta da jan layi."

Ta ɗora yatsa a kan layin.

"Jan layi ba ya buƙatar fassara. Ko'ina a duniya in aka zagaye fuskar mutum da ja, abin da ake fahimta shi ne ga mai laifin. Mafi tsufan da muka samu daga guruf ɗin wasu ma'aikatan tashar jiragen ruwa ya fito, an yanke ƙasansa. Akwai alamar rubutu a wurin, wataƙila ba su iya karanta shi ba suka cire. Wanda ya yi aikin nan ya san abin da yake yi, Baba. Abokan aikina suna zargin wasu masu shiri ne, irin waɗanda ake biya. Shi muke nema. Shi ya sa na zo in tambaye ka, wa ke ƙin ka har haka?"

Ta ƙara girman hoto ɗaya. Layin ya cika fuskar kwamfutar. Ga ɗan ƙugiyar nan a saman kunnen hagu. Ta nuna na gaba, yana nan. Na tsallaken teku ma yana nan.

Baba ya ɗaga kai ya dubi matarsa. Da ta ce ai na gaya maka, da ya samu abin yin faɗa ya ji sauƙi. Ba ta ce ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same ta.

Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa. Ya nemo ya miƙa wa baƙuwar. Ga hoton cikakke, da rubutunsa a ƙasa: ƙarya ne, mutumin kirki ne, a tura don Allah.

Ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. "Wa ya yi wannan?"

"Ni na tsaya aka yi. Ƙugiyar nan hannuna ne. Na tashar jiragen ruwa kuma ƙanina ne, ni na ce ya tura wa kowa."

"Me ya sa ka zagaye?"

"Don a san ni ne."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ba shi ne farko ba, sun sha ganin ƙaryar da ta mutu mai ƙaryata ta ya tashe ta. Ta ce wanda ya yanke rubutun da waɗanda suka ɗora ƙarya su ne masu laifi. Baba ya ji ta, amma maganar ba ta shige shi ba. Kunya ce ta rufe shi, da baƙin ciki. Wata da watanni yana neman maƙiyinsa a fuskar kowa, har a fuskar matar da ke dafa masa abinci.

Can ya ɗan farfaɗo. "To yanzu ki rubuta. Ki sa hotona babba, ki ce jami'a ta bincika. Sai a tura wa..."

"Baba," in ji ta.

"Malam!" in ji matarsa.

Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu.

Mai binciken ta ce za ta rubuta, amma ba fuskarsa ba sunansa. Za su nemi a sauke waɗanda za a iya saukewa, sauran kuma ba ta yi masa alkawari ba, don abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai iya kwaso shi. Abin da za ta iya shi ne ta zauna da iyayen yaran, ido da ido, ta nuna musu abin da ta nuna masa. Ya raka ta mota, ya buɗe aljihun gaba ya ba ta wayarta, har ya ce ta duba ko an taɓa.

Sai da ya kwana uku yana zagaye shagon Mai Aski kafin ya shiga. Ya zaɓi lokacin da mutane suka cika, don a gaban mutane ya yi ɓarnar. Ya tsaya a tsakiya da gemunsa buzu-buzu ya ce, "Na zalunce ka. Ba kai ba ne. Ni ne." Mai Aski ya ci gaba da askin da yake yi kamar ba da shi ake ba. Ya gama, ya kaɗe tawul, ya karɓi na gaba, ya gama da shi. Baba na tsaye. Sai can ya buga bayan kujera da tafin hannu.

"Zauna. Ba don kai ba, don kada yara su firgita."

Baba ya zauna. Da reza ta hau wuyansa ya rufe ido, hawaye ya gangaro ya shiga kumfa. Mai Aski ya ce, "Ka daina motsi, kada in zagaye ka da ja." Shago ya kwashe da dariya, amma hannun mai askin bai yi laushi irin na da ba, kuma bai tambaye shi lafiyar gida ba.

Bayan zaman da aka yi da iyaye wasu sun dawo da yaransu, wasu ba su dawo ba. Mahaifin nan mai tambaya ya ce ya gamsu sarai, sai dai matarsa ce har yanzu. Hoton kuwa yakan ɓace, ya sake ɓullowa da sabon yare. Baba ya daina shan mai a unguwar da ba a san shi ba. Nas ɗin ta zo har gida ta durƙusa tana kuka, ya ce ta tashi, ita alheri ta nufa.

Ranar farko da motar ta ɗan cika, ya zaga ya sauke kowa, ya tsaya a ƙofar gidan nas. 'Yar Barci ta yi nisa, baki buɗe, takalmi ɗaya a ƙasa. Ya buɗe ƙofa, hannunsa ya tafi aljihun hankici da kansa. Sai ya waiwaya. Ga wani a kan babur yana danna waya. Ga wasu mata biyu suna tafe, ɗaya ta ɗaga tata sama, ko kira take nema ko me, oho. Ga taga a buɗe a benen da ke gefe.

Ya mayar da hankicin. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen kujera da makulli.

"Tashi, an zo gida."

Ta buɗe ido da ƙyar, ta gan shi, ta miƙo hannu biyu. "Baba, ɗauke ni."

Ya kai hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. "Kin girma. Sa takalminki."

Ta ɓata fuska ta fara kuka, ta sauko tana tangaɗi, rana na dukan ta a ido. Ya ɗauki jakarta ya bi ta a baya, ya bar tazara tsakaninsu yadda kowa zai gani, har ta shige wurin kakarta.